Maƙiyan Ganye: Labarin Fumfunar Gora da Dawa da Gero

In ka shiga gonarka cikin marka, ka tsaya ka dubi ganyen dawa da kyau, da wuya ka sami guda wanda ba shi da tabo. Wani tabon ja ne, wani ruwan toka, wani kuwa dogo, kamar an ja layi da gawayi. In ka juya wajen gero, watakila ka ga wani gindi ya tsumbure, ganyensa ya koɗe. In ya fid da kai, sai ka ga ƙananan ganyaye a inda ya kamata tsaba ta fito. Da kaka kuma ga burtuntuna tana baƙanta hannun masu sussuka.

Mutane da yawa su kan haɗa waɗannan duka su ce raɓa ce ta ƙone ganye, ko kuwa su ce shekara ce ta zo da haka. To, gaskiya ne kome da nufin Allah ya ke faruwa, amma Allah ya sa wa ko wane abu sanadi. Sanadin yawancin waɗannan cututtuka wani abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, wanda a ke kira fumfuna. Irinta kuwa da yawa. Ko wace iri da abin da ta ke ci, da inda ta ke ɓuya da rani, da hanyar da ta ke bi ta komo gonarka da damina. Wanda ya san ƙofar da ɓarawo ke shigowa, shi ke iya toshe ta. Abin da wannan ɗan littafi zai nuna maka ke nan.

Mece ce fumfuna?

Ka san tuwon da ya kwana uku a cikin akushi. Ka kan ga wani abu fari ko kore ya lulluɓe shi kamar audugar rimi. Fumfuna ke nan. Laimar kwaɗi da ke fitowa a kan juji bayan ruwan sama, ita ma danginta ce. Haka kuma makero da ƙyasbi da ke kama fatar mutum.

In an sa fumfuna ƙarƙashin madubin likita, watau madubin nan mai ƙara girman abu, sai a ga jikinta duk zare ne, siriri, wanda ya fi saƙar gizo-gizo laushi. Ba ta da ganye, ba ta da saiwa, ba ta kuwa iya yi wa kanta abinci da hasken rana kamar yadda tsiro ke yi. Saboda haka tilas ta ci na wani. Waɗansu su kan ci abin da ya mutu, kamar busasshen ganye da kashin shanu. Waɗansu kuwa sai mai rai. Zarensu ya kan kutsa cikin ganye ya riƙa tsotse abincin da shuka ta tanada domin 'ya'yanta. Inda aka tsotse, nan ne ya ke mutuwa ya zama tabo.

Irin fumfuna ba tsaba ba ne kamar na hatsi, wata ƙura ce. Baƙin garin da ka ke gani cikin burtuntuna duk iri ne. Sai an jera ƙwayoyinsa kamar 3,000 kafin su kai tsawon inci 1. Ka ga ke nan abin da ya maƙale a bayan farcenka ya isa ya ɓata iri mai yawa. Ƙurar nan kuwa ba ta tsira sai ta sami laima da ɗumi. Shi ya sa cuta ta fi yawa cikin watan Agusta, sa'ad da ganye ke kwana a jiƙe. Mai cewa raɓa ce ta kawo cuta bai yi nisa da gaskiya ba. Raɓa ba ta haifi cutar ba, ta dai shayar da ita.

Masu ilmi sun sa wa fumfuna iri kamar 150,000 suna, suna kuma zaton waɗanda ba a gano ba tukuna sun wuce miliyan 2.

Gora 'yar'uwar dawa ce

Kafin mu shiga gonar hatsi, bari mu fara da gora, domin a jikinta za ka ga yawan irin fumfuna a fili. Ka san gora, wadda a ke tsaikon ɗaki da sanda da ita. Kada ka rikita ta da gwangwala, ita wannan reshen tukurwa ce. Ko da ya ke gora ta kan yi tsawo kamar itace, ciyawa ce, kuma dangi ɗaya su ke da dawa da gero da masara da rake da gamba. Dubi gaɓoɓinta da dogon ganyenta, ka dubi karan dawa, za ka ga kama.

Irin gorar da muka sani tana fitowa tun daga Sanagal har Habasha. Ta fi son bakin rafi da gindin duwatsu a ƙasashen da suka fi mu ruwan sama, don haka yawancin wadda ka ke gani a kasuwanninmu daga kudu a ke kawo ta. A duniya duka akwai gora fiye da iri 1,400, mafi yawansu a ƙasashen gabas, kamar Sin da Indiya da Japan. A can da ita a ke gina gida, a yi takarda, har a ci tohonta.

Da ya ke dukiya ce a wurinsu, sai masu ilmi suka dage wajen binciken abin da ke damunta. A shekarar 2002 aka tattara lissafi, aka tarar an sami fumfuna fiye da iri 1,100 a jikin gora kaɗai. Wata ta kan yi wa ganye tsatsa kamar ta ƙarfe. Wata ta yi masa baƙin ɗigo kamar kwalta. Wata a Sin da Japan ta kan sa reshe ya yi ta fid da ƙananan rassa cunkus kamar tsintsiya. Mafi yawansu kuwa ba su cutar da mai rai, matattun ganye da tsohon kara su ke ci.

A ƙasar Bangaladash mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, kamar dai nan wajenmu, kuma kusan ko wane gida da ɗan kurmin gorarsa. A cikin shekarun 1970 da 1980 wata cuta ta riƙa kashe sababbin gora tun daga sama. Da aka bincika, shawarar da aka ba mutanen ƙauye ba mai tsada ba ce. Aka ce su sare waɗanda suka kamu, su ƙone tarkacen da ya taru a gindi kafin damina, sa'an nan su zuba sabuwar ƙasa. Watau an gane inda cutar ke kwana, aka rushe mata makwanci.

Riƙe wannan a ranka. Yanzu sai mu koma ga dawa da gero, domin a ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir su ne abinci, karansu kuwa shi ke yi mana yawancin aikin da gora ke yi wa mutanen gabas. Fumfunar da ke damunsu hanya huɗu ta ke bi.

Hanya ta fari: iri

Burtuntunar da ka fi sani ita ce wadda ke mai da tsabar dawa ta zama 'yar jaka mai ruwan toka, cike da baƙin gari. Lokacin sussuka jakunkunan su kan fashe, garin ya bi lafiyayyar tsaba ya maƙale. Ka zuba a rumbu, ya kwana tare da ita har damina. Ran da ka shuka, tsaba ta tsira, ƙurar ma ta tsira, ta shige cikin ɗan tsiron tun bai fito sarari ba. Daga nan sai ta yi ta hawa a ɓoye cikin kara. Dawa ta yi kyau, ganye kore shar, ba ka ga alamar kome ba, sai ran da ta fid da kai. Ashe da hannunka ka shuka ta.

Wani Bafaranshe, sunansa Tillet, shi ya tabbatar da irin wannan a kan alkama a shekarar 1755. Ya raba iri kashi biyu, ya barbaɗa wa kashi ɗaya baƙin garin, ya bar ɗayan da tsabta, ya shuka su kusa da juna. Wanda aka barbaɗa wa ya kamu ƙwarai, ɗayan kuwa ya tsira sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kai ma kana iya gwada haka a kunya biyu a gefen gona. Gani ya kori ji.

Wannan ita ce mafi sauƙin magani cikinsu duka. Zaɓi zangarniyar iri tun a gona, kafin a haɗa dami. Ka ajiye ta dabam, ka sussuke ta dabam, a turmi mai tsabta. In ka ga kan da ya kamu, yanke shi a hankali, ka sa a buhu, ka kai wuta. Ran shuka kuma ka cuɗa irin da garin maganin iri, kamar Apron Star da makamantansa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardar. Ga amfanin karatu ke nan. Amma fa ka sani maganin nan dafi ne. Irin da aka cuɗa ba a cinsa, ba a ba kaji ko tumaki, ba a barinsa inda yara za su kai. Ka wanke hannu da sabulu in ka gama.

Hanya ta biyu: ƙasa

Cutar da ta fi yi wa gero ɓarna ita ce mai sa ganye ya koɗe. Ta kan fara daga gindin ganye ta yi sama, har ka ga rabi rawaya rabi kore. In ka fita da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ka juya bayan ganyen, za ka ga wani farin abu kamar an barbaɗa gari. Wannan iri ne da ta haifa cikin dare. Iska da yayyafi su kan kai shi ga gero na kusa, amma ba ya daɗewa, rana na ɗagawa ya mutu. Geron da ya kamu tun yana ƙarami ya kan tsumbure ko ya mutu. Wanda ya rayu kuwa shi ne mai fid da kai mai ganyaye, ba tsaba ko ɗaya.

Masu ilmi na yanzu sun ce wannan ba fumfuna ce ta ainihi ba, mai kama da ita ce, amma a gona aikinsu ɗaya ne. Mugun halinta shi ne tana da iri na biyu, mai kaurin ɓawo, wanda ta ke tarawa cikin ganyen da ya bushe. Ganyen ya faɗi, ya ruɓe, irin ya zauna cikin ƙasa. Zafin bazara ba ya kashe shi, ya kan kuwa yi shekaru yana jira. Da ka shuka gero a wurin, sai ya kama shi tun yana tsiro.

To, ka ga a nan zaɓen iri kaɗai bai isa ba. Abin yi shi ne ka sa ido cikin wata na fari bayan shuka, lokacin cira da noman fari. Duk gindin da ka ga alamar, tumɓuke shi, ka fitar da shi daga gona, ka ƙone ko ka binne da zurfi a inda ba a shuka. Kada ka yar da shi cikin kunya, kada ka jefa shi kan juji, don kada ya komo maka cikin taki. Shibra ma ta kan kamu, saboda haka kada ka bar ta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Akwai kuma irin gero mai jure wa cutar. Ɗaya daga cikinsu shi ne SOSAT, wanda asalinsa daga ƙasar Mali ne, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar wa manoman Nijeriya a shekarar 2000. Amma kada gari duka ya dogara ga iri guda har abada. A Indiya an taɓa baza wani sabon irin gero mai yawan amfani, aka shuka shi ko ina. A shekarar 1971 cutar nan ta same shi, da ya ke kuwa duk jininsu ɗaya, sai ta bi gona gona ta yi mummunar ɓarna.

Hanya ta uku: kara

Yanzu ga tabon ganyen dawa. Shi ma ba cuta ɗaya ba ce, fumfuna iri iri ke kawo shi. Mafi muni ita ce mai yin ƙananan tabo masu jan baki, tsakiyarsu ruwan toka. In ka duba kusa ƙwarai, ka kan ga baƙin ɗigo ɗigo a tsakiyar, nan ne ta ke tara irinta. Ɗigon ruwan sama ya faɗa a kai, ya fantsama, ya kai irin ga ganyen da ke kusa. Tabo ya haɗu da tabo, ganye ya bushe tun dawa ba ta cika ido ba. Ta kan kuma shiga cikin kara ta mai da shi ja, ya yi rauni, iska ta kwantar da shi.

Kada ka ce ai ganye ne kawai, ba shi a ke ci ba. Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa a ke haɗa abincin da ke cika tsaba. In madafa ta ƙone, sai tsaba ta fito shafal, ka ga dami da girma, awo kuwa ba auki. A irin dawar da ba ta da juriya, cikin shekara mai yawan ruwa, hasarar ta kan kai kusan rabin amfanin. Karmamin da za ka ba dabbobi ma ya lalace.

Watakila ka tambaya, me ya sa tabon ke yin ja? Dawa ce ke yaƙi. Da ta ji fumfuna ta shiga, sai ta tara wani jan sinadari kewaye da wurin don ta tsai da ita. Wannan jan dangin wanda ke cikin karan dafi ne, wanda dukawan Kano suka daɗe suna rina jar fata da shi. Dubi ikon Allah, abin da muke ado da shi makamin shuka ne.

Ina wannan fumfuna ke ɓuya da rani? Cikin kara da busasshen ganye da tushiyar da aka bari a gona. A waɗansu ƙasashe a kan ce wa manomi ya ƙone karansa duka. Wannan shawara ba ta dace da mu ba, domin a nan kara dukiya ne. Da shi a ke darni, da shi a ke dafa tuwo, ganyensa kuwa abincin dabbobi. Kwashe kara daga gona da ka saba yi ma rabin magani ne. Abin da ya rage ka ƙara shi ne wannan. Karan gonar da ta fi kamuwa, shi za a fara kai wa murhu. Lokacin sharar gona ka tattara tushiya da ragowar ganye ka ƙone. Tarin tsohon kara ko ruɓaɓɓen darni kuwa, kada damina ta same shi a bakin gonar dawa.

Hanya ta huɗu: iska da ƙwari

Akwai waɗanda ba su bin iri zuwa cikin tsiro, sai su jira shuka ta fid da kai tana fure, sa'an nan su faɗa mata daga sama. Cikinsu akwai wata burtuntunar dawa mai dogayen jakunkuna farare, kamar ƙaho, wadda ta fi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta arewacin Kano. Akwai ta gero, mai sa tsaba ta kumbura ta yi kore, daga baya ta yi baƙi. Waɗannan maganin iri ba ya hana su, domin ba ta nan suka shigo ba. In ka sa magani, ka kuwa gan su, kada ka ce maganin ƙarya ne. Ka rufe ƙofa ɗaya ne, aka shigo ta wata.

Sai kuma domana, mai sa kan gero ya riƙa zub da wani ruwa mai danƙo da zaƙi kamar zuma. Ƙudaje da sauran ƙwari su kan sha, su kai ta wani kan. In ta bushe, sai ta bar waɗansu ƙwayoyi masu tauri, masu duhu, a madadin tsaba. Waɗannan akwai dafi a cikinsu. In sun yi yawa cikin abinci su kan sa amai da jiri. Hanyar raba su da gero ita ce ka narka gishiri kilo 1 cikin ruwa lita 10, ka zuba geron. Miyagun za su taso sama, ka kwashe ka ƙone, sa'an nan ka ɗauraye geron da ruwa mai kyau ka shanya. Kada ka rikita domana da darɓa. Ita darɓa ƙwari ne ke kawo ta a ganye, baƙin da ka ke gani a kanta kuwa wata fumfuna ce da ta zo shan zaƙi.

Maganin waɗannan shi ne a yanke kan da ya kamu da wuri, kuma maƙwabta su yi shuka lokaci ɗaya. Gonar da ta makara, ita ke karɓar ƙurar da na gaba suka tara.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu ƙwarai

A ƙasar da daji ke da yawa, in gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura shekara biyar ko goma, cutar da ke cikinta ta mutu da yunwa. Mu ba mu da wannan hali. Tun a cikin shekarun 1960 wani masani, Michael Mortimore, ya auna ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 a na nomanta ko wace shekara. Tun daga lokacin kuwa mutane sai ƙaruwa su ke yi, a na ta raba gonar gado. Gonar da kakanka ya noma, ita ka ke noma, ita kuma za ka bar wa ɗanka. Abin da ka bari cikin ƙasarta bana, shi za ka tarar baɗi. Kuma tsakaninka da maƙwabcinka iyaka ce kawai, iska kuwa ba ta san iyaka ba.

Amma akwai abin da ke taimakonmu. Yawancin fumfunar nan masu zaɓen abinci ne. Wadda ke cin gero ba ta cin gyaɗa, ta dawa ba ta cin wake. Saboda haka al'adar iyayenmu ta haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda hikima ce babba. Ƙurar da ta tashi daga gero, in ta faɗa kan ganyen wake, ta faɗa inda ba abincinta. In ka ƙara da juya wuri, watau inda ka sa hatsi bana ka sa gyaɗa ko wake baɗi, ka hana cutar abinci, ka kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shukar da ta ƙoshi da taki kuwa ta fi iya ɗaukar ciwo.

Ba duka ne maƙiya ba

Kada jin wannan ya sa ka tsani fumfuna duka. Masu amfani sun fi masu ɓarna yawa nesa. Takin da ka ke kaiwa gona a mangala, fumfuna na cikin masu ruɓar da shi ya zama abincin shuka. Akwai wata da ke zaune a saiwar gero da dawa, zarenta ya bazu cikin ƙasa, tana jawo wa shuka abincin da saiwa ba ta kai gare shi ba, shuka kuwa tana biyanta da zaƙi. Gara ma noman fumfuna ta ke yi cikin suri, ita ce abincinta. Yistin da ke kumbura burodi fumfuna ne. Maganin fenisilin, wanda aka gano a Ingila a shekarar 1928, daga fumfuna aka samo shi.

Har a kan sa fumfuna ta yaƙi 'yar'uwarta. Akwai wata mai kama gyaɗa da masara, musamman in ba su bushe sosai ba, ta bar musu dafin da ke lalata hanta. Masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan suka zaɓo danginta marasa dafi daga ƙasar nan tamu, suka ɗora su a kan tsabar dawa da aka kashe don kada ta tsira, suka rina ta shuɗi. Sunan abin Aflasafe, an yi masa rajista a Nijeriya a shekarar 2014. A kan watsa kilo 10 a hekta 1, watau kamar eka 2 da rabi, mako 2 ko 3 kafin amfanin ya yi fure. Marasa dafin su riga su cika wurin, mai dafin ta rasa mazauni.

Abin da za ka riƙe

1. Zaɓi iri tun a gona, ka sussuke shi dabam, ka cuɗa shi da magani ran shuka.

2. Cikin wata na fari ka tumɓuke duk geron da ya koɗe, ka fitar da shi daga gona.

3. Kan da ya yi burtuntuna ko domana, yanke shi kafin girbi ka ƙone. Kada ya shiga dami, kada ya shiga juji.

4. Kada damina ta tarar da tsohon kara ko tushiya a gonar dawa.

5. Ka riƙa juya wurin hatsi da na gyaɗa da wake.

6. In kana da gora a fadama ko lambu, ka rage mata cunkoso don iska ta ratsa, ka share tarkacen gindinta kafin ruwa ya sauka. Wadda za ka yi aiki da ita, ka sare ƙosasshiya da rani, ka busar da ita a inuwa ba a kan ƙasa ba, don kada fumfuna ta ruɓar da ita.

7. In ka ga cutar da ba ka gane ba, tsinki ganyen ka kai wa malamin gona na KNARDA. Bayansa akwai masu bincike, na Samaru ta Zariya masu lura da dawa, da na Maiduguri masu lura da gero.

Abu ɗaya ya rage. In kai kaɗai ka tsabtace gonarka, na gabas da na yamma da kai suka bar tasu, iska za ta komo maka da abin da ka kora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da Allah ya ba ka karatu, in an taru da dare a ƙofar gidan mai unguwa, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, ku shirya ku yi aikin tare tun daga zaɓen irin bana. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.